Fodkas: Fitilar Diwali a kan sarkin Amurka

Hauwa: Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun shekaranjiya da Kabiru ya jefa hoton kan sarkin nan a guruf, ba a bar mu mun huta ba. Kowa sai ya ce wai aci-balbal ce.

Kabiru: To ai ita ce, Anti. Ɗan kaskon yumɓu, ga mai, ga lagwani. Kakata tana da irinta sak.

Malam Sani: Indiyawa diya suke ce mata. Hukumar gidan waya ta Amurka ce ta fitar da kan sarkin ranar 5 ga Oktoba, 2016, a ƙaramin ofishin jakadancin Indiya da ke New York, don karrama Diwali, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu. Kuma irin kan sarkin nan ne da ba ya mutuwa. An sayar da shi santi 47, amma ko farashi ya tashi yau, ka manna a wasiƙa za ta tafi.

Kabiru: Ni abin da ya dame ni daban ne. Ƙasa ba ta da sarki, hoton fitila ne, kuma mu ce kan sarki?

Hauwa: Sai mu ce kan fitila.

Malam Sani: Sunan ya samo asali tun zamanin Turawa, lokacin da kan Sarkin Ingila ke jiki.

Kabiru: Da Sarauniya ta hau fa? Me ya sa ba a ce kan sarauniya ba?

Hauwa: Maza ne suka raɗa sunan, me kake tsammani?

Kabiru: Yaran yanzu ma ka ce su lashi bayan takarda su manna, sai su ɗauka magani ka ba su.

Malam Sani: Ku bar ni in ƙarasa mana. Abin da ya burge ni shi ne naci. Wata mata, Ranju Batra, ta shafe kusan shekara bakwai tana bin maganar nan, tana tara sa hannun jama'a, da goyon bayan Carolyn Maloney, 'yar majalisar wakilan Amurka a lokacin. Hujjarsu kuwa mai sauƙi ce: Kirsimeti na da nasa, Hanukkah ta Yahudawa ta samu a 1996, Idi ma ya samu a 2001, da rubutun Larabci na zinare.

Hauwa: Tsaya, Malam. Sallarmu na da kan sarki a Amurka?

Malam Sani: Ƙwarai kuwa. Shi Diwali kwana biyar ake yi, tsakanin Oktoba da Nuwamba, babban darensa kuma shi ne daren da wata ya ɓuya. A arewacin Indiya sukan ce Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa, shi ne ya koma birnin Ayodhya bayan shekara 14 a daji, mutanen gari suka jera masa fitilu. Ana share gida tas, a zana ado a ƙofa da garin launi, a yi bautar Lakshmi wadda suke danganta ta da arziki, a raba alewa. Sai wasan wuta, wanda washegari Delhi kan tashi cikin hayaƙi.

Kabiru: Hayaƙi dai? Ai aci-balbal ɗin kakata, in ka kwana kusa da ita, da safe hancinka baƙi ƙirin. Ranar nan malamin makarantar allo ya tambaye ni ko gawayi na ci.

Hauwa: Ka ci ɗin?

Kabiru: Anti, wannan sirri ne.

Malam Sani: Na so in kawo na Kanada, da suka yi haɗin gwiwa da Indiya a 2017...

Hauwa: Malam, batir ya nuna ja. Kabiru, miƙo caja.

Kabiru: An ɗauke wuta ai tun ɗazu.