Sharhi: Mita ba ta jin talla

Jama'a masu sauraro, da zarar zafi ya kankama a Makka da Jidda, fatura, wato takardar kuɗin wuta, ta fara nauyi, sai 'yan talla su cika wayoyinmu da hoton wani ɗan akwati da ake sokawa a soket, suna rantsuwa cewa zai zabge rabin kuɗin wuta. Abin takaici, magidantanmu da ke neman na cefane da gumin goshi suna ta saye.

Mita ba ta jin talla. Tsohuwar nan mai faifai da ke juyawa, da ta zamani wadda aka kafa kimanin miliyan 10 a ƙasar nan zuwa shekarar 2021, abu ɗaya suke ƙirga wa mai gida, wato wutar da kayansa suka ci a zahiri. Duk abin da ke jan wat 1000, idan ya yi awa ɗaya yana aiki, ya ci kilowat-awa ɗaya, abin da muke kira kilowat a taƙaice, kuma tun Janairun 2018 ana biyan halala 18 (halala 100 ne riyal ɗaya) a kan kowane kilowat har zuwa 6000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai jan wat 2000 da injinsa ya yi awa 10 yana aiki ya ci kilowat 20, riyal 3 da halala 60 ke nan kafin haraji. Ta ina akwatin da ke maƙale a bangon falo zai hana shi ci?

Masu sayarwa za su ce ai masana'antu na amfani da irinsa. Haka ne, domin manyan injina suna jan wata wuta da ke kai da kawo a waya ba tare da ta yi aiki ba, kuma ana iya cajin masana'anta a kanta. Mai gida ba a cajinsa wannan! An sayar masa da maganin ciwon da ba ya damunsa.

Mai son fatura ta sauka ya wanke matatar mukayyif, ya tsayar da shi a kan digiri 24, ya toshe kafofin taga, ya kashe na ɗakin da babu kowa. Akwatin kuwa, idan aka buɗe shi, galibi kafasito ne, wato ɗan abin da ke riƙe cajin wuta na ɗan lokaci, da 'yar fitila, kuma ita ma fitilar wuta take ci dare da rana, mita tana rubuta wa mai gida.