Darasi: me ya sa Spider-Man ya cika kanti, gwaninka kuma shiru?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kun ga yau na jera 'yan robobin jarumai a kan tebur, ga Spider-Man, ga Wolverine, ga Batman can gefe, kuma abin da za mu duba shi ne me ya sa kamfanonin nan suke ta maimaita mutum uku ko huɗu, kai kuma gwaninka ka yi shekaru kana jira shiru kake ji.

Sabbin shiga, ku fara kula da tsayi tukuna. Wannan na hannuna Marvel Legends ne, inci 6, kamfanin Toy Biz ne ya fara su a 2002, Hasbro ya karɓa a 2007. Batman ɗin can kuma na kamfanin McFarlane ne, su inci 7 suke yi, a 2020 suka fara fitar da na DC, wato kamfanin da ya mallaki Batman, shi ya sa in ka jera su wuri ɗaya sai ka ga Batman ya zama babban yaya. Akwai na Hot Toys na Hong Kong masu kusan inci 12 da kayan yadi na gaske, amma wannan harkar manya ce, ɗaruruwan daloli ake magana.

To ku matso ku kalli biyun nan. Ku manta da kai da fenti, ku kalli ƙirji, cinya, gwiwa. Kun gani ko? Jiki ɗaya ne sak. A nan maganar take. Kowane ɗan ɓangare na robar nan sai an sassaƙa masa mol na ƙarfe wanda za a zuba narkakkiyar roba a ciki, kuma ƙarfen nan shi ne mai cin kuɗi, robar ba komai ba ce. Kamar mai buga bulo ne, in ya sayi mol ɗaya zai yi ta bugawa da shi har ya mai da kuɗinsa ya ci riba. Saboda haka jarumin da kayansa matsattsu ne kawai aka zana a jiki, sabon kai da fenti ya ishe shi, yau yau za a iya amincewa da shi, amma wani ƙaton dodo mai fukafukai ko hannu huɗu wanda ba wanda zai sake amfani da jikinsa, wallahi sai an yi ta lissafi a ofis kafin a ce eh, kuma sau da yawa a'a ake cewa.

Dabarar da suka fito da ita ita ce Build-A-Figure, Toy Biz ya fara ta a 2005 da Galactus, wani ƙato a labaran Marvel. A yanka ƙaton gunduwa gunduwa, ƙafa a kwalin wannan, hannu a kwalin wancan, sai ka sayi duka rukunin kafin ka haɗa shi. Kan ƙaton ko gangar jikinsa kuma kada ka yi mamaki in ka same shi a kwalin wanda ba kowa ke so ba. Wayo ne, amma ni ban ga laifinsa sosai ba, don ta haka ne ƙananan jarumai suke samun fitowa.

Sai fim. Daga zane zuwa kanti abin yakan haura shekara, to dole masu zane su fara aiki tun fim bai kammala ba, da hotunan farko da aka ba su, shi ya sa wani lokaci rigar robar ba ta yi daidai da ta cikin fim ba. Wani sa'in ma robar ce ke juya labarin. Shane Black da ya ba da umarnin Iron Man 3 ya faɗa a 2016 cewa da farko mace ce muguwar fim ɗin, aka sa suka mai da ita namiji wai robar mace ba za ta sayu ba. A 2015 ma an yi ta surutu da aka ga jaruma Black Widow ta yi ƙaranci a kayan wasan fim ɗin Age of Ultron, har Mark Ruffalo, ɗaya daga cikin 'yan wasan fim ɗin, ya sa baki. Kuma ba yau aka fara ba, Secret Wars, littafin zane na Marvel na 1984, saboda kamfanin kayan wasa Mattel na son sayar da robobi aka rubuta labarin.

Manyan kuma da kanti ba zai ɗauka ba, Hasbro na da tsarin HasLab, ka biya tun ba a ƙera ba, in mutane sun kai adadin da aka sa a yi, in ba su kai ba a fasa. Galactus na 2021 dala 400 ne, ana neman mutum 14,000, aka samu sama da 30,000. Motar jarumi Ghost Rider ta 2022 kuwa ba ta kai ba, aka watsar. Kun ga a nan aljihun masu tarawa ne ya yanke hukunci.

To me za ka yi da wannan? Spider-Man da Batman kada ka yi musu gaggawa, ba sa ƙarewa, wani na tafe kuma wataƙila ya fi wannan kyau. Wanda aka yi wa sabon jiki shi kaɗai, musamman baƙon jarumi, shi za ka fara kamawa in kuɗi sun samu, don ba lalle a sake shi nan kusa ba. In a gwanjo ka tsinta, juya shi ka duba tafin ƙafa ko bayan cinya, na asali yakan zo da sunan kamfani da shekara, jabu kuma fentin ido ne ke tona shi, ga warin roba, ga gaɓoɓi lakaf lakaf. Kada ka ajiye su jikin taga, rana tana kashe launi, zafi kuma yana lanƙwasa ƙafa. In ta lanƙwashe tsoma ta a ruwan zafi kamar minti ɗaya, ka miƙe ta da hannu, ka sa a ruwan sanyi, bari in nuna muku da Wolverine ɗin nan, miƙo min kofin can.