Amsoshin Tambayoyinku: Neman Asalin Gidan Manoma a Tsofaffin Takardu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Kumasi, a ƙasar Ghana. Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Aboabo, wadda ta ce kakanta ya bar fataucin goro ya koma noman koko a yankin Ahafo, tana kuma tambaya ko takardun ƙidayar jama'a za su nuna mata sunansa da garinsu na asali.

Hajiya, ƙidaya ba za ta biya miki wannan buƙata ba. Turawa sun ƙirga mutanen ƙasar nan a 1891, 1901, 1911, 1921, 1931 da 1948, aka kuma yi ƙidayar farko bayan samun 'yancin kai a 1960, amma abin da aka buga adadin mutanen garuruwa ne, babu jerin sunayen magidanta. Iyakar amfaninta gare ki shi ne ta nuna lokacin da ƙauyen ya cika da baƙi.

Inda za ki dace shi ne takardun gona. A ƙasar Asante, ƙasa tana hannun kujerar sarauta, don haka baƙo yakan samu gona ne daga sarkin gari ko wani mai fili, sau da yawa bisa tsarin abusa, inda ake raba amfani kashi uku, ko abunu, inda ake rabawa biyu. Da baki ake ƙulla yawancin irin wannan yarjejeniya a gaban shaidu, sai ran da rigimar iyaka ko ta gado ta kai kotun sarki magatakarda ya ɗauki alƙalami. A nan ne za ki ga an rubuta sunan manomi, da wanda ya ba shi filin, da rafin da ya raba gonarsa da ta maƙwabci, wani lokaci har da garin da ya ce daga can ya fito. Ki fara da ofishin adana takardun gwamnati, wato PRAAD, reshen Kumasi, da ma'ajiyar takardu ta fadar Manhyia, wato fadar Sarkin Asante, domin Ahafo tana cikin yankin Asante har 1959. Abin da ya biyo bayan wannan shekara kuwa ki neme shi a Sunyani, hedikwatar sabon yankin da aka mayar da Ahafo cikinsa a lokacin.

Kafin ki tafi, ki zauna da tsofaffin gida ki rubuta duk sunan da aka taɓa kiran kakan da shi. Magatakardan da ba su jin Hausa sun mayar da Ibrahim Braimah, Muhammadu ya zama Mahama ko Mama, wani kuma an liƙa masa sunan gari ko na ƙabila kawai. Idan kin ga sawu ya ɓace a ƙarshen 1969, kada ki yi mamaki, domin dokar korar baƙi ta gwamnatin Firayim Minista Busia ta sa mutane da yawa sun sayar da gonaki cikin gaggawa ko sun bar su a hannun amintattu.

Wasiƙa ta biyu daga wani malami ce a Asawase, wanda ya tsinci takardar wasiyya da rubutun ajami a akwatin mahaifinsa, yana tambaya ko tana da amfani. Malam, tana da amfani ƙwarai ta fuskar tarihi, musamman sunayen shaidu da basussuka da gonakin da aka ambata. Ka ɗauki hotonta, kada ka manna mata leda, ka kai wa wanda ya saba da rubutun magabata ya karanta maka. Ƙarfinta a gaban shari'a kuwa magana ce ta lauya, domin dokar wasiyya ta 1971 ta shar'anta sa hannun mai wasiyya a gaban shaidu biyu. Ka kuma bincika rajistar kotu ko wani ya taɓa neman izinin kula da dukiyar mamacin, domin takardar neman takan ambaci magada da dukiyar da aka bari.