Sofbol na Jifan Sannu: Yadda Gasar Ma'aikata Take a Amurka

Masu kallo, barkanku da warhaka. Idan rani ya yi a Amurka, ranakun Asabar da Lahadi filayen wasa na ƙananan hukumomi cika suke yi da magidanta: direbobi, malaman makaranta, 'yan kwana-kwana, wasu har da furfura. Ba a biyansu ko sisi, su ma ne suke biyan kuɗin rajista. Abin da ya tara su shi ne gasar sofbol na jifan sannu.

Sofbol ƙanin wasan besbol ne, wato wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, sannan mai bugu ya ruga ya zagaya tashoshin da ke cikin fili don ya ci maki. A Chicago aka fara shi a 1887, a cikin ɗaki ma, ta hannun George Hancock. Irin na jifan sannu kuwa sai a 1953 ƙungiyar ASA mai kula da wasan a Amurka, wadda yanzu ake kira USA Softball, ta sa shi cikin gasanninta.

To, mene ne jifan sannun? Ga yadda mai jifa yake yi. Ta ƙasa yake wurgo ƙwallon, ta tashi sama kamar mita biyu zuwa uku, ta yi baka, sannan ta sauko gaban mai sanda. Babu gudu, babu tsoro. Kusan kowa zai iya dukanta. A nan ne daɗin wasan yake, a nan ne kuma matsalarsa take: idan ƙato mai ƙarfi ya samu ƙwallo tana tahowa a hankali, sai dai a je nemanta bayan shinge.

Shi ya sa yawancin dokokin wasan nan taka wa masu ƙarfi birki suke yi. Masu tsaron fili goma ne, ba tara ba kamar a besbol, an ƙara mutum ɗaya a can baya. Ba a yarda ka ɗan taɓa ƙwallon ta faɗi kusa ba, sai ka buga sosai. Amma wadda ta fi ba baƙo mamaki ita ce dokar bugun tsallake shinge. A besbol wannan bugu abin alfahari ne. A nan kuwa an ƙayyade wa kowace ƙungiya adadinsa gwargwadon ajinta, kuma a gasanni da yawa idan kun cinye rabonku, duk wanda ya sake tsallakewa da ƙwallo an fitar da shi. Wato mutum ya yi bugun da ya fi kowa, a ce masa koma ka zauna!

Batun aji kuwa, nan ake rigima. Ana raba ƙungiyoyi daga ƙwararru zuwa 'yan koyo, galibi da haruffa, A zuwa E. Sai ka ga ƙungiyar da ta cancanci ajin sama ta lallaɓa ta yi rajista a ƙasa don ta ɗauki kofi cikin sauƙi. Wasu kuma sandar suke yi wa aiki, su kankare cikinta don ƙwallo ta ƙara gudu. Wannan ya wuce maguɗi, ganganci ne, domin mai jifa yana tsaye ne kamar mita 15 kacal daga mai bugu. Saboda haka a manyan gasanni ana gwada sanduna da na'ura kafin a fara.

Tsarin gasar kansa ba shi da wuya. Wasa zagaye bakwai ne, amma sau da yawa akwai iyakar lokaci, wajen awa ɗaya, kuma idan tazarar maki ta yi yawa alkalin wasa yakan tsayar da shi. Galibi sai an doke ku sau biyu kafin ku fita. Wanda ya sha kashi da wuri yakan koma layin waɗanda aka doke, inda zai iya buga wasa bayan wasa cikin zafin rana kafin ya kai na ƙarshe.

Akwai kuma gasar maza da mata a haɗe. A can ma an toshe wata dabara: idan mai jifa ya ƙi ba namiji ƙwallo mai kyau don ya fuskanci macen da ke biye da shi, namijin tasha biyu yake wucewa kyauta maimakon ɗaya.