Inda Mai Rubuta Manhajar Saba Ke Neman Mafita Idan Aiki Ya Cije

An gabatar da wannan lacca a Gusau ga matasa masu koyon gina shafukan intanet, aka kuma rubuta ta daga sautin da aka naɗa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina da ke zaune a gaba, da 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, musamman waɗanda suka taso tun daga Ƙaura Namoda da Talata Mafara, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan madogaran da mai rubuta manhajar saba yake komawa gare su idan aiki ya cije masa. Kun san shafin intanet ɓangare biyu ne. Akwai abin da burauza ke nunawa a wayar mutum, akwai kuma aikin da ake yi can cikin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, inda ake karɓar fom, a tantance kalmar sirri, a ajiye sunaye a rumbun bayanai, a lissafa kuɗi. Ɓangaren farko idan ya lalace ido yana gani. Na biyun kuwa a ɓoye yake lalacewa, abin da za ka tarar sau da yawa shi ne shafi fari fat, ko lamba 500 da ba ta zo da wani bayani ba. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, amsa ba ta da amfani ga wanda bai gano ainihin matsalarsa ba, kuma kowace amsa da ka tsinta tana da zamanin da aka rubuta ta dominsa.

Saboda haka madogara ta farko ba a intanet take ba, tana cikin sabarka. Kowace saba tana rubuta kurakuranta a wani kundi. A tsarin kwamfuta na Ubuntu, manhajar saba ta Apache tana ajiye nata a /var/log/apache2/error.log, takwararta Nginx kuma a /var/log/nginx/error.log, wanda ya ɗauki hayar wuri mai cPanel, wato allon sarrafa sabar haya, kuwa galibi zai ga fayil mai suna error_log a cikin jakar da kod ɗinsa yake. Layin ƙarshe na wannan kundi yakan faɗi sunan fayil, da lambar layin da abin ya faru, da irin kuskuren. Na sha ganin ɗalibi ya kwana yana bincike da kalmomin "shafina ba ya buɗewa", alhali sabar ta riga ta rubuta masa cewa a layi kaza ya kira umarnin da babu shi. Wasu kuma sukan kunna display_errors don kuskuren ya fito a fuskar shafi, wannan daidai ne a kwamfutarka ta gwaji, amma barin sa a kunne a shafin da jama'a ke shiga tona asirin kai ne, domin yana nuna wa kowa yadda ka tsara jakunkunanka. Su kansu lambobin kuskure irin su 500 magana suke yi. Waɗanda suka fara da 4 suna nuni ga buƙatar da aka aiko: 404 ba a sami abin ba, 403 an hana shiga. Waɗanda suka fara da 5 laifin yana ɓangaren saba: 502 na nufin sabar da ke gaba ta tambayi wata da ke bayanta ba ta sami amsa mai kyau ba, 504 kuma ta jira har lokaci ya ƙare. Ma'anarsu a rubuce take a takardar RFC 9110 ta shekarar 2022, shafin MDN na Mozilla kuma ya sauƙaƙa bayaninsu ga mai koyo.

Bayan ka san ciwon, sai littafin jagora na harshen da kake aiki da shi. Zan riƙa kawo misali da PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, saboda shi ne mafi yawanku ke tararwa a sabobin haya masu araha, amma hukuncin ɗaya ne ga mai Django ko Laravel ko Node.js. Ɗalibin zaure ba ya karɓar hukunci don kawai ya ji an faɗa, sai ya tambayi littafin da aka ciro shi da malamin da ya faɗa, to haka nake so ku riƙi duk kod ɗin da kuka gani a waje. A php.net kowane umarni yana da shafinsa, da abin da yake karɓa, da abin da yake mayarwa, da tarihin canje-canjensa daga siga zuwa siga. Wannan sashe na tarihi shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi amfani. Umarnin mysql_query, wanda har gobe ake koyar da shi a wasu takardun darasi da ke yawo a hannun ɗalibai, an yi gargaɗin daina amfani da shi tun PHP 5.5 a 2013, aka cire shi gaba ɗaya a PHP 7.0 a watan Disamba na 2015. Wanda ya kwafi darasin 2010 ya ɗora a sabar yau ba zai ga komai ba sai kuskure, ya yi ta zargin kansa. Haka ma adana kalmar sirri da md5: tsohuwar hanya ce da aka daɗe da barin ta, domin tun 2013 harshen ya zo da password_hash da password_verify. Kafin ka karanta kowace amsa, ka san sigar da sabarka ke ɗauke da ita, sannan ka duba shekarar da aka rubuta amsar.

Bari in tsaya a kan misali guda da ya shafe mu kai tsaye. Ka gina fom na rajistar ɗaliban wata makaranta. Ka gwada da Musa, ya shiga, ka gwada da Hauwa, ta shiga. Ran da aka buɗe rajista sai Mu'azu ya zo, shafi ya ƙi, A'isha ta zo, ya ƙi, Sa'adatu ma haka. Dalilin shi ne ka ɗinke sunan kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, kuma a wannan harshe alamar da muke sa wa hamza ita ce ke buɗe zance ta rufe shi. Da rumbun ya kai ga alamar da ke tsakiyar Mu'azu sai ya ɗauka sunan ya ƙare a "Mu", sauran haruffan kuma ya nemi karanta su a matsayin umarni. Idan ka yi bincike cikin gaggawa za ka sami wanda zai ce ka goge alamar, ko ka hana shigar da ita. Kuskuren zai ɓace, amma ka ɓata sunan mutum a takardar makarantarsa, kuma ka bar babbar ƙofa a buɗe, domin ta inda Mu'azu ya karya umarnin ba da niyya ba, ta nan ɓarawo zai cusa nasa umarnin da niyya ya kwashe rumbun ko ya goge shi. Maganin da littafin jagora ya bayar shi ne a aika umarni daban, a aika bayanai daban, ta hanyar prepare da execute na PDO ko mysqli, hanyoyin da PHP ke haɗuwa da rumbu, yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Ƙungiyar OWASP, wadda aka kafa a 2001 don tsaron manhajojin yanar gizo, tana da gajerun takardu kyauta a kan wannan da makamantansa, ina kuma ganin bai halatta mutum ya karɓi kuɗin wani ya gina masa shafi ba tare da ya karanta su ba.

Misali na biyu shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. A tsarin adana haruffa na UTF-8 harafin ƙ bayit biyu yake ci, wato gurbi biyu na ajiya maimakon ɗaya, haka ɗ da ɓ. Saboda haka idan ka tambayi strlen tsawon kalmar "ƙasa" zai ce maka 5, domin bayit yake ƙirgawa, mb_strlen ne zai ce 4. Idan ka yanke kanun labari da substr, yankan yana iya faɗawa tsakiyar harafi, sai ka ga baƙar alama mai ɗauke da alamar tambaya a ƙarshen layi. Kafin MySQL 8.0 na 2018, tsarin haruffan da rumbun ke zuwa da shi latin1 ne, wanda babu ƙ a cikinsa. Ku lura da bambancin alamu biyu. Idan ka ga Æ™ a inda ƙ ya kamata ta fito, bayanan suna nan lafiya, karatun ne aka yi da tsarin da ba shi ba, kuma ana iya gyarawa. Idan kuwa alamar tambaya ce zalla aka ajiye a cikin rumbun, to harafin ya tafi, sai dai a sake shigarwa. Mafita ita ce a daidaita wuri uku a kan abu ɗaya: teburin rumbu da haɗin da ke tsakanin PHP da rumbu su zama utf8mb4, shafin kuma ya sanar da burauza cewa UTF-8 ne. Wanda ya rubuta darasi a Amurka bai taɓa cin karo da Ɗanjuma ko Ɓaidu ba, don haka ba zai gargaɗe ka ba, kai ne za ka sa irin waɗannan sunaye cikin gwajinka tun ranar farko.

Akwai kuma littattafan da aka tsara su matsala bayan matsala, irin waɗanda kamfanin O'Reilly ya shahara da bugawa, inda kowane babi ke kawo matsala, da mafita, da bayanin dalili. Suna da amfani ƙwarai ga abubuwan da ake maimaitawa kullum, kamar ɗora hoto, aika imel, da sarrafa kwanan wata. Sashe na ukun, wato dalili, shi ne kuɗin littafin, kada ku tsaya a mafita kawai. Ku kuma duba shekarar bugu.

Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008, taska ce babba, ni ma ina shiga. Sai dai amsa mai koren maki ita ce wadda ta gamsar da mai tambaya a ranar da ya yi tambayar, wataƙila shekara goma sha biyar da suka wuce, kuma sau da yawa gyaran yana can ƙasa a wata amsa ta baya-bayan nan. Ku kwafi ainihin saƙon kuskuren ku yi bincike da shi, bayan kun cire sunan jakarku da duk wani sirri. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna taimakawa wajen fassara saƙon kuskure da nuna inda za a duba, amma suna iya kawo umarnin da babu shi cikin cikakkiyar natsuwa, abin da ya sa Stack Overflow ya hana saka amsoshinsu a watan Disamba na 2022. Duk abin da suka ba ka, ka kai shi gaban littafin jagora kafin ka kai shi sabar mutane.

Inda kuɗi ya shigo kuwa, babu wata madogara sai takardun kamfanin da kake haɗawa da shi. Takardun Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, sun bayyana cewa da kwabo ake aika adadin kuɗi, don haka wanda ya rubuta 5000 yana nufin naira dubu biyar, naira 50 ya caji mai saye. Su ne kuma za su gaya maka yadda ake tantance sa hannun saƙon da ke sanar da biya, da cewa ana sake turo saƙon idan sabarka ba ta amsa ba. A wurin da layi ke yawan yankewa irin namu, dole manhajarka ta duba lambar cinikin kafin ta rubuta shi, in ba haka ba za ta ƙirga biya ɗaya sau biyu. Kai ma a naka rumbun ka ajiye kuɗi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, domin kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai wa daida, har 0.1 da 0.2 ba sa ba ta 0.3 cif.

Sai batun da mu mutanen Zamfara muka fi kowa saninsa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro, kuma duk wanda iliminsa yake rataye a akwatin bincike ya zauna hannu rabbana. Ko ba a rufe layi ba, data tana da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas. Littafin jagoran PHP ana iya sauke shi gaba ɗaya daga php.net, na Python da na MySQL ma haka. DevDocs yana ba ka damar ajiye takardun harsuna da yawa a cikin burauza don karantawa ba tare da intanet ba, manhajar Zeal ma aikinta ke nan. Da XAMPP a kwamfutarka kana da Apache da PHP da rumbun bayanai, za ka iya gwada komai cikin ɗakinka. Wanda ya sami layi mai ƙarfi ya sauke, ya zuba wa 'yan'uwansa a filasha.

Madogara ta ƙarshe kai za ka rubuta ta. Ka buɗe fayil guda, duk matsalar da ta ci maka lokaci ka shigar da ita: saƙon kuskuren yadda ya fito harafi da harafi, sigar PHP da ta rumbu, abin da ka gwada bai yi ba, abin da ya yi, da dalilin da ya sa ya yi. Dalilin ka rubuta shi da Hausa, da kalmominka, domin a wurin rubutawar ne za ka gane ko ka fahimta ko kwafa kawai ka yi. Ka sa fayil ɗin cikin Git, manhajar adana tarihin kod, ka tura shi intanet tare da aikinka don kada ya ɓace ran da kwamfuta ta mutu. Idan ku goma a ajin nan kuka haɗa naku wuri ɗaya, za a sami bayanin matsalar hamza, da ta haruffa masu lanƙwasa, da ta agogon saba da ke bayan namu da awa ɗaya saboda an bar ta a agogon duniya na UTC ba a saita ta a Africa/Lagos ba, da ta lambobin waya da sifirinsu na farko ke ɓacewa idan an ajiye su a matsayin lamba maimakon rubutu. Waɗannan su ne ƙannenku za su ci karo da su a makon farko na aikinsu.

Shugaba, a nan zan dakata. Wanda ya zo da kwamfutarsa da wani kuskure a ciki ya matso gaba, mu buɗe kundin kurakuran tare. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.