Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke biyan kuɗin binciken radiyasiyon?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Garwa, ƙasar Kamaru. Yau wasiƙu uku suka faɗo kan magana ɗaya, wato radiyasiyon, tiririn nan da ido ba ya gani da ke fita daga wasu ma'adinai da injuna, sai na ce bari in haɗa su kawai.

Ta farko daga Poli take, wata baiwar Allah ce ta rubuto. Ta ce shekarun baya wasu ma'aikata sun zo sun rataya wani ɗan abu kamar gwangwanin tumatir a ɗakin kwananta, aka ce kar a taɓa kar a buɗe, bayan 'yan watanni suka dawo suka ɗauke. Tambayarta, me ake aunawa kuma wa ya biya?

To Hajiya, iskar radon ake aunawa. Ita wannan iska daga uraniyum take fita, shi kuwa uraniyum Allah ya ajiye shi a duwatsun wajenku, can Kitongo, an daɗe da sanin haka. Ba ta da wari ba ta da launi, ta tsagar daɓe da gindin bango take shigowa ta taru a ɗaki, musamman lokacin hunturu da muke toshe taga da tsumma mu ja ƙofa mu kwanta har gari ya waye. Hukumar lafiya ta duniya ta ce bayan taba sigari radon ce ta biyu wajen kawo kansar huhu, in mutum ya haɗa biyun kuwa abin ya fi muni nesa ba kusa ba. Ma'aunin da ta ba ƙasashe shi ne bekerel 100, wato awon yawan radiyasiyon da radon ke fitarwa, a iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, in ya gagara to kar ya wuce 300. Amma kar gabanki ya faɗi Hajiya, ba a ce ki tashi daga gidan mijinki ba, ki riƙa buɗe taga iska na ratsawa, a liƙe tsagar daɓe da siminti, in maigida na shan sigari ya fita tsakar gida, ko ma ya bari gaba ɗaya mu huta.

Maganar wa ya biya, cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta gwamnati, IRGM, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar binciken kimiyya, ta yi irin wannan awo a Poli da Lolodorf can kudu, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya mai hedkwata a Viyana da masana daga Japan. Kin ga kenan kuɗin gida da na waje ne suka haɗu. Ni dai a nan nake da 'yar damuwa, aikin da ya jingina da aljihun baƙo ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa aiki ya tsaya cik, alhali awon radon ba na shekara ɗaya ba ne.

Wasiƙa ta biyu daga Marwa, wani dattijo ne kuma da zafinsa ya rubuto. Ya ce yara na mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, kwalara na zuwa da damina, sannan a ɗebi kuɗin talaka a zuba kan abin da ko ganinsa ba a yi?

Baba, wallahi ba ka yi ƙarya ba, sauro ya fi radiyasiyon kashe mu, babu mai musu. Sai dai ba binciken nan ne ya cinye kuɗin gidan sauro ba, tukunyar ce tun asali ƙarama. A 2001 shugabannin Afirka sun zauna a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, mu har yau ba mu kai ba, haka ma kashi 1 na arzikin ƙasa da aka ce a ba bincike. Kuma Baba abin ya shafe ka. Ranar da moto ya kayar da jikanka, Allah ya kiyaye, aka ce a je a yi radiyo, wato hoton ƙashi ba irin tamu mai magana ba, wannan injin radiyasiyon yake fitarwa. Shi mara lafiya kaɗan yake ɗauka, hoton ƙirji ɗaya bai kai miliziba 1 ba ko kusa, miliziba kuwa shi ne awon radiyasiyon da jiki ya ɗauka, alhali a shekara kowa na ɗaukar wajen 2.4 daga ƙasa da sama haka nan. Eskana kuwa, wato babban injin da ake shigar da mutum ciki a ɗau hoton cikin jikinsa, ta ninka hoton ƙirji sosai, shi ya sa ba a yin ta don marmari, mai ciki kuma ta faɗa wa likita tun kafin ta hau. Amma yaron da ke danna injin safe da yamma fa? Shi ne ake maƙala wa ɗan baji a aljihun riga, a kai a karanta a ga ko ya wuce miliziba 20 a shekara. Karanta bajin nan, duba bangon ɗakin ko yana tarewa, gwada injin ko yana zuba fiye da kima, duk aikin hukumar kare jama'a daga radiyasiyon da aka kafa a 2002 da sunan ANRP ne, kuma duk kuɗi ne, mota ce da mai daga Yawunde zuwa nan.

Bari in ba ka labarin Goyaniya a Burazil, 1987. Masu tsintar ƙarfe suka shiga wani tsohon asibiti da aka bari suka kwance injin gashin kansa, suka fasa, suka ga wani gari mai shuɗin haske da dare, har aka riƙa rabawa 'yan uwa don sha'awa. Mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, sai da aka auna mutum sama da 100,000. 'Yan jari bola namu ku ji da kyau, in kun ga ƙarfe mai nauyi da alamar nan mai kama da fanka mai fiffike uku, kar a sa masa guduma, a sanar da jandarma.

Ta uku daga Kuseri, wani matashi ne yake tambaya ko eriyar waya da aka kafa bayan gidansu na cikin wannan. A'a ɗan'uwa, ita tata irin ta rediyo ce, ba ta da ƙarfin fasa ƙwayar halitta kamar na hoton ƙashi. In ƙarar janareton ce ke hana ku barci wannan kuma sai ka je meri, wato ofishin magajin gari, ka kai kuka.

Lokaci ya ƙure, wasiƙar da ta zo daga Gidar kan ruwan rijiya sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.