Rundunar da Igwa Ce Tutarta

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin soja ya san cewa runduna takan fito da tutarta, wadda a jikinta ake ɗinke sunayen fagagen daga da ta yi fice a cikinsu. Sai dai akwai wata tsohuwar runduna a Ingila wadda ba ta ɗaukar irin wannan tuta, wato rundunar atilare ta Sarkin Ingila, masu harba igwa. A wurinsu igwar ita ce tutar, ita ake sara wa idan ta zo wucewa, kuma ba a yarda soja ya zauna a kanta ko ya jingina da ita a filin fareti ba. Tarihin wannan runduna ya shafe mu nan Katsina fiye da yadda da yawanmu muke zato.

An kafa ta ne ranar 26 ga Mayu, 1716, lokacin da Sarki George na Ɗaya ya ba da izinin a kafa kamfanoni biyu na masu igwa a Woolwich, a gefen Landan. Kafin wannan lokaci, sai yaƙi ya taso ake tara masu igwa, da an gama kuma a sallame su, ga shi kuwa harba igwa sana'a ce da ke bukatar lissafi da daɗewa a kanta. A 1722 aka ba ta cikakken sunan runduna a ƙarƙashin Kanar Albert Borgard, sannan a 1741 aka buɗe makarantar horar da hafsoshinta a can Woolwich. Ma'aikatan masana'antar makamai ta wannan unguwa su ne suka kafa ƙungiyar Arsenal a 1886, shi ya sa matasanmu a gidajen kallon ƙwallo suke ganin igwa a ƙirjin rigarta.

Yanzu ku dubi tambarin da ke jikin hular sojojin wannan runduna da kyau. A can sama akwai kambin sarauta, a tsakiya kuma ga igwa a kan ƙafafunta masu kama da na keken doki. Tsakanin kambin da igwar an rubuta kalma guda ta Latin, Ubique, wato ko'ina, a ƙasa kuma akwai jimlar da ke nufin duk inda gaskiya da ɗaukaka suka nufa. Sarki William na Huɗu ne ya ba su waɗannan kalmomi a 1832, kuma dalilin a bayyane yake: babu wani babban yaƙi da sojan Ingila ya yi ba tare da masu igwa ba, saboda haka da za a jera sunayen fagagensu, babu ƙyallen da zai ɗauke su.

Wannan ne ya sa barin igwa a hannun abokan gaba ya zama abin kunya mafi girma a wurinsu. A ranar 1 ga Satumba, 1914, a ƙauyen Néry na Faransa, Jamusawa suka yi wa wani rukuninsu dirar mikiya da sassafe, suka lalata igwoginsu har saura guda ɗaya, amma mutanen da suka rage suka ci gaba da harba ta har harsashinta ya ƙare. Uku daga cikinsu sun sami lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a sojan Ingila, igwar kuwa tana gidan tarihin yaƙi na Landan har yau.

To, mu dawo gida. Rundunar da aka ɗora wa Baturen nan Lugga (Lugard) kafawa a 1897, wadda galibin sojojinta 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa, tana da nata rukunonin igwa da aka tsara bisa tsarin na Ingila. Igwar da suka riƙe ƙarama ce, mai bakin milimita 75, wadda ake kwancewa gunduwa-gunduwa 'yan dako su ɗora a ka su ratsa daji da ita. Irinta guda huɗu Kanar Morland ya girke a gaban ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Harsashin ya kasa huda ganuwar saboda kaurinta, sai suka mayar da wuta kan ƙofa, suka shiga ta Ƙofar Kabuga. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato, kuma a ƙarshen wannan wata Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yandaka, a zamanin Sarki Abubakar, ba tare da an gwabza ba. A ganina, wanda yake son fahimtar abin da ya sa Katsina ba ta yi yaƙi ba, dole ya sa labarin igwogin nan a cikin lissafinsa, domin doki da mashi da sulke, komai jarumtar mai su, ba su kaiwa inda igwa take kaiwa.

Shekaru arba'in bayan haka, 'ya'ya da jikokin waɗanda aka ci da igwa su ne suka ɗauke ta zuwa dazuzzukan ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, na ta 82 kuwa mashi biyu ne da aka gicciye a kan gammo, wato gammon nan dai da ɗan dako yake naɗawa ya ɗora a ka. Samun gammo a tambarin runduna shaida ce cewa waɗanda suka ɗauki kaya da sassan igwa a kansu, a duwatsun da mota ba ta hawa, an san da zamansu. Sojan Najeriya ya riƙe waɗannan lambobi biyu, ta 81 tana Legas, ta 82 tana Inugu, masu igwarmu kuma a yau a Kachia ta Jihar Kaduna ake horar da su, hedikwatarsu tana Kontagora a Jihar Neja.